Tan biyu da rabi a kan tafin hannu: nazarin wani bim na LVL

Gidan da za a duba a nan bene ne mai hawa biyu, ginin katako tun daga daɓen ƙasa har rufi. Irin abin da ya same shi yana yawan faruwa duk inda ake gini da katako, don haka an harhaɗa lamarin ne daga abin da aka saba gani, aka kuma sauƙaƙa alƙaluman yadda mai karatu zai iya bin lissafin da biro da takarda.

Masu gidan sun so falo da kicin su zama fili guda. Abin da ya raba su bango ne mai tsawon mita 4.8, kuma ba bangon raba ɗaki kawai ba ne. A kansa katakan da ke ɗauke da daɓen bene suka kwanta, na ɓangaren falo masu tsawon mita 4.4, na ɓangaren kicin mita 2.8. Rufin gidan kuwa a kan bangayen waje ya zauna, ba ruwan wannan bango da shi. Kafintan da aka ba aikin ya san da haka sarai. Ya auna, ya kai ma'aunan wurin dillalin katako, dillali ya zuba su a manhajar kamfanin da ke yin kayan, manhaja ta fitar da amsa: falanki biyu na LVL, wato katakon masana'anta da ake haɗawa daga siraran fallayen itace da gam, kowanne kaurin milimita 45, zurfin milimita 400, a haɗe su su zama bim ɗaya, wato katakon kwance da zai karɓi nauyin da bangon ke ɗauke da shi. Aka tokare silin, aka rushe bango, aka datse bakin katakan bene, aka cusa bim ɗin tsakaninsu, aka rataye su a jikinsa da maratayan ƙarfe. Kowane ƙarshen bim aka ɗora shi a kan katakan tsaye guda biyu da aka haɗe da ƙusa. Aiki ya yi tsaf, aka yi fenti, aka sallami kafinta.

Bayan 'yan watanni ƙofar wani ɗaki a sama ta fara cijewa. Sai tsaga ta bayyana a silin, ta taso daga kusurwar dama ta yi gicciye. A ƙasa kuma, gindin ginshiƙin dama, tayil biyu suka fashe. Maigida ya ce dama hankalinsa bai taɓa kwanciya da katakon da aka liƙa da gam ba. Kafinta ya ce da ya sani da ƙarfe ya sa. Dillali ya ce ƙila ruwa ya taɓa kayan kafin a ɗaura. Duk su ukun bim ɗin suka zuba wa ido. Sai a lokacin aka kira injiniya.

Abin da aka ɗaura

LVL itace ne na gaske, sai dai an wargaza shi an sake haɗa shi. Ana jiƙa gungume a ruwan zafi har ya yi laushi, a ɗora shi a injin da ke juya shi, doguwar wuƙa tana fere shi, itacen yana fitowa falle mai tsawo wanda kaurinsa bai wuce milimita 3 ba. A busar da fallayen, na'ura ta tantance su, a shafa musu gam na fenol, a jera su, a matse su da zafi. Baƙaƙen layukan da ake gani a gefen falankin wannan gam ɗin ne. Har zuwa nan hanyar ɗaya ce da ta fulawud. Inda suka rabu shi ne wurin jeri: a fulawud ana gitta fallayen, wannan ya kalli gabas wancan ya kalli arewa, amma a LVL na bim jijiyar kowane falle tsawon falankin take bi. Abin da ke fitowa daga injin matsa ƙaton allo ne, faɗinsa ya haura mita ɗaya, tsawonsa kan kai mita 20 ko fi, daga nan a tsaga shi gwargwadon zurfin da ake so.

Amfanin wannan wahala duka yana wurin ƙulli, wato gurbin da reshe ya fito. A katakon da aka tsaga da zarto, ƙulli guda na iya ratsa kaurin katakon gaba ɗaya, kuma nan ne zai karye ranar da nauyi ya yi masa yawa. A falanki mai kaurin milimita 45 kuwa fallaye 15 ne, ƙullin da ke cikin ɗaya bai shafi sauran 14 ba, da wuya kuma ƙulle-ƙullen su haɗu a wuri ɗaya. Aibun bai ɓace ba, an dai rarraba shi. To, injiniyoyi ba da matsakaicin ƙarfin katako suke lissafi ba. Adadin da suke ɗauka shi ne wanda kashi 95 cikin 100 na samfuran da aka gwada suka kai ko suka wuce, ma'ana raunanan cikin tarin su ke yanke wa kowa hukunci. Tarin da babu raunana sosai a cikinsa, adadinsa sai ya ɗaga. Shi ya sa katakon gini mai daraja C24 a ma'aunin Turai ake ba shi 24 wajen jure lanƙwasa, LVL na bim da aka saba sayarwa a can kuma 44, duka a ma'aunin N/mm², wanda ɗayansa ya yi daidai da kusan kilo 10 a kan murabba'in santimita guda. Irin itacen kusan ɗaya ne. Bambancin daga tsarin haɗi ya zo.

Ba sabon abu ba ne. Kamfanin Trus Joist na jihar Idaho a Amurka ya fara sayar da shi a farkon shekarun 1970, sunan Microllam kuma har yau yana kasuwa a hannun Weyerhaeuser. A Finlan an fara yin irinsa mai suna Kerto a garin Lohja a 1981. Masu tsoron gam suna iya kwantar da hankalinsu: gam na fenol ba ya narkewa a ruwa, kuma idan aka ɓalle falankin da ƙarfin tsiya a ɗakin gwaji, abin da ake so a gani shi ne itacen ya yage, layin gam yana nan.

Akwai dai wani adadi da 'yan talla ba su cika ɗaga murya a kansa ba, shi ne tsauri, wato yadda bim ke ƙin lanƙwasa tun kafin a zo maganar karyewa. A nan C24 yana da 11,000, LVL yana da 13,800. Ƙarfi ya kusa ninkawa, tsauri kuwa kashi ɗaya cikin huɗu kawai ya ƙaru. A cikin gida kuma kusan kullum lanƙwasa ce ke fara damun mutane, domin silin yakan tsage, ƙofa ta cije, tun bim yana da sauran ƙarfi mai yawa. A ganina babbar baiwar LVL ita ce ana samun sa da zurfin milimita 400 da tsawon da ake so, a miƙe sambal, busasshe tun daga masana'anta, abin da zarto ba zai iya fitarwa daga itatuwan da ake sarewa yanzu ba.

Lissafin bim

Injiniyan ya fara da sake lissafin da manhaja ta yi. Kowane katakon bene rabin nauyinsa ne ke zuwa kan bim, ɗaya rabin yana tafiya bangon waje. Rabin 4.4 shi ne 2.2, rabin 2.8 shi ne 1.4, jimla mita 3.6 na faɗin daɓe a kan kowace mita ta bim. Ƙa'idojin Turai da na Amurka duk suna sa wa ɗakin zama kusan kilo 200 a murabba'in mita na mutane da kaya. Nauyin daɓen kansa da silin da siraran bangayen sama, a ce kilo 80. Kilo 280 sau 3.6 ya ba da kilo 1,008, wato tan guda a kowace mita. A tsawon mita 4.8 an sami kilo 4,840. Kowane ƙarshe zai sauke kilo 2,420.

Iyakar lanƙwasar da ya ɗauka ita ce tsawon bim a raba 250, wato milimita 19, kuma wannan bayan shekaru ake nufi, ba ranar ɗauri ba. Katako yana ci gaba da lanƙwasa a hankali muddin nauyi na zaune a kansa. Eurocode 5, ƙa'idar Turai ta ginin katako, ta ce a busasshen ɗaki a ƙara kashi 60 cikin 100 a kan lanƙwasar da nauyin dindindin ya jawo, wato nauyin ginin kansa haɗe da kashi 30 cikin 100 na nauyin mutane da kaya.

Da a ce an haɗa katakon C24 guda huɗu masu zurfin milimita 220, kamar yadda wani tsohon kafinta zai iya yi, da sun lanƙwasa kusan milimita 40 nan take, nauyin kuma ya ninka abin da aka yarda su ɗauka. LVL uku masu zurfin 300 za su yi milimita 18 da farko, su kai 23 daga baya, sun faɗi ke nan. Biyu masu zurfin 360 za su yi 16, su kai 21, su ma sun ɗan haura. Biyu masu zurfin 400 kuwa 12 ne da farko, 16 a ƙarshe. A lura da abu ɗaya: uku masu 300 sun fi biyu masu 400 yawan itace da nauyi, amma sun fi su lanƙwasa nesa ba kusa ba. Dalili shi ne idan aka ninka kaurin bim, tsaurinsa sau biyu yake ƙaruwa, idan aka ninka zurfinsa kuwa sau takwas. Masu gida sukan roƙi a rage zurfi a ƙara falanki don kada bim ya leƙo ƙasan silin, kuma ciniki ne na asara.

Ta fuskar karyewa, bim ɗin da aka ɗaura bai ma kai kashi biyu cikin uku na abin da aka yarda masa ba. Manhaja ta yi daidai.

Abin da igiya ta nuna

Aka ɓamɓare allon jifsam da ya rufe bim ɗin, aka ja igiya daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Tsakiyar bim ta sauka milimita 7 daga igiyar. Wannan shi ne abin da ake tsammani a gidan da ake zaman yau da kullum, domin kilo 200 a murabba'in mita nauyin ranar taro ne, gado da kabad da mutum biyu ba su kai rabinsa ba. Da aka kunna na'urar leza aka gwada ƙarshen biyu da juna, sai magana ta fito. Ƙarshen hagu bai motsa fiye da milimita 1 ba. Ƙarshen dama ya nutse milimita 18. Bim ɗin yana nan a miƙe, karkacewa ya yi gaba ɗayansa. An bar jaki ana dukan taiki.

Duk da haka injiniyan bai tsallake sauran zarge-zargen ba. Ya soka ma'aunin danshi, ya ba da kashi 12 cikin 100, alhali ma irin wannan na'ura mai allura takan yi ƙari a jikin LVL saboda layukan gam. Babu kumburi a gefe, babu tabon ruwa, babu fumfuna. Maganar dillali ta faɗi, ko da yake tsoron da ya kawo ba na banza ba ne. Gam ba ya jin ruwa, amma itacen yana ji. Falankin da aka yasar a ƙasa ruwa ya doke shi yakan sha ta baki da gefe, ya kumbura, ya ƙi shiga marataya, idan kuma danshinsa ya daɗe sama da kashi 20 ruɓa na iya kama shi kamar kowane katako. Ko katafariyar rumfar Metropol Parasol da aka kammala a birnin Sebiya na Sifaniya a 2011, wadda da LVL aka gina ta a fili, sai da aka lulluɓe kowane falanki da rufin foliyuretan.

An kuma ga huda guda mai faɗin milimita 25 da mai aikin lantarki ya yi don wuce waya. Ta faɗo a tsakiyar zurfin bim, nesa da ƙarshensa, inda ƙaramar huda ba ta da illa. Da a gefen ƙasa ya yi ta, ko ya sassaƙe bakin bim don bututu ya wuce, da labarin ya sha bamban, domin gefen ƙasa ne ke jimre ja, kuma tsaga daga irin wannan sassaƙa take farawa ta bi jijiya.

Aibu na gaske guda ɗaya aka samu a jikin bim ɗin. Falankan biyu ƙusoshi ƙalilan ne suka riƙe su, tazara mai nisa. Tun da katakan bene a jikin bim aka rataye su ba a kansa aka ɗora ba, kowane falanki nauyin ɓangarensa yake karɓa: na falo kashi 61 cikin 100, na kicin 39. Ƙusoshin ne ya kamata su raba musu daidai. Da aka shafa ƙasan bim da hannu, na falo ya zarce ɗan'uwansa da kamar milimita 2. A wannan gida abin bai kai haɗari ba. Inda yake zama haɗari shi ne bim mai falanki uku da duk nauyi daga gefe ɗaya yake zuwa, na waje ya sha wuya, na can ciki yana hutawa.

Ƙarƙashin daɓe

Gidan yana da sarari a ƙarƙashinsa wanda mutum zai iya rarrafawa. Harsashin kankare ya zagaye gefe. A tsakiya wani babban katako ya ratsa, yana zaune a kan gajerun ginshiƙan bulo, ɗaya a kowace mita 1.6. A kansa katakan daɓen ƙasa suka gitta, tazarar milimita 600. A kansu allon daɓe mai kaurin milimita 22, sannan katakon kwance na gindin bango mai kaurin 45. Tsohon bangon daidai kan wannan babban katako yake, kuma wanda ya gina gidan ya san aikinsa: kowane katakon tsaye na bangon ya sa shi daidai kan katakon daɓe. Nauyi ya sauko daga bene ya shiga katakon tsaye, ya wuce katakon daɓe, ya wuce babban katako, ya shiga bulo, ya shiga ƙasa, itace a kan itace ba rami a tsakani. Kowace ƙafa kilo 600 take saukewa idan gida ya cika.

Bim ya tattara wannan duka ya zuba shi a ƙafa biyu. Ƙafar hagu ta yi sa'a, cikin bangon waje ta faɗa, kankare na ƙarƙashinta. Ƙafar dama kuwa kabad ɗin kicin ne ya zaɓa mata wuri, domin inda kabad ya ƙare nan aka ce fili ya fara. Wurin ya faɗo tsakanin katakan daɓe guda biyu. Da injiniyan ya haska fitila daga ƙasa, abin da ke ƙarƙashin ginshiƙin shi ne katakon kwance, allon daɓe, sai iska. Nauyin da ya ninka na tsohuwar ƙafa sau huɗu, an ɗora shi a kan katako kwance da siririn allo, su tsallaka rami mai faɗin fiye da rabin mita. Allon ya lotsa har ana gani da ido. Wannan kaɗai ya ci fiye da rabin milimita 18 ɗin.

Sauran ya fito daga wuri biyu. Na farko, katakan tsaye biyu masu milimita 45 da 95 gindinsu murabba'in santimita 85 ne kacal, faɗin tafin hannu. Kilo 2,420 a kan wannan ya zama kilo 28 a kowane murabba'in santimita. Su katakan tsayen ko a jikinsu, domin itace idan aka danne shi ta tsawon jijiyarsa yana jure fiye da kilo 200. Amma katakon kwance ta gefe ake danna shi, kuma ta gefe C24 kilo 25 ne iyakarsa tun kafin a cire rarar kariya. Gindin ginshiƙin ya fara nutsewa cikinsa, ya bar shaida mai kusurwa huɗu. LVL ɗin da ke sama, wanda shi ma ta gefe ake danna shi, yana jure kusan kilo 60, shi ya sa can ba a ga komai ba. Na biyu, babban katakon ƙasa ya karɓi nauyin ne a tsakanin bulo biyu, ya ɗan sunkuya, bulon da ya fi kusa kuma ya ɗan shige ƙasa, domin an yi masa mazauni ne na rabonsa na dā.

Abin lura shi ne duk wannan ya faru ne da rabin nauyin lissafi ko ƙasa da haka. Gidan bai taɓa cika ba.

Laifin wa

Takardar da manhaja ta fitar tana nan a hannun kafinta. A jikinta, ƙasa da girman bim, akwai nauyin da kowane ƙarshe zai sauke, akwai tsawon mazaunin da bim ke buƙata, akwai kuma ƙananan rubutun da ke cewa abin da zai ɗauki wannan nauyi daga nan zuwa ƙasa ba ya cikin lissafin. Haka irin waɗannan takardu suke. Dillali bim aka tambaye shi, bim ya bayar. Kafinta layin farko ya karanta. Ko tsawon mazaunin ma, lissafi na neman kusan milimita 100, katakan tsaye biyu kuma 90 suke bayarwa.

Ban ga dalilin kiran kafintan nan maras kula ba. Tokarar silin da ya yi daidai ce, maratayan sun cika ƙusa, bim yana lebur ranar da ya tafi. Katako biyu a gindin bim shi ne abin da hannunsa ya saba, kuma a saman ƙofa ko taga mai faɗin mita ɗaya ya isa har da saura. Abin da ya yaudare shi kayan ne da kansa. Da ƙarfe aka sa a wannan fili, guda ɗaya zai kai kilo 130 zuwa 150, sai an tara mutane ko an kawo abin ɗagawa, sai an nemo mai walda, kuma duk wanda ya ga ana shigo da shi zai tambaya a kan me za a ɗora wannan. Falankin LVL ɗaya mai tsawon mita 5 kilo 46 ne. Mutum biyu sun ɗaga shi, a yanke shi da zarton da ke cikin akwati, a buga masa ƙusa. Kamanninsa na katako ne, ƙanshinsa na katako, nauyin da yake tarawa kuwa na ƙarfe. Sauƙin da ya sa ake son sa shi ne ya cire wa aikin kwarjini, har aka ga ba sai an kira injiniya ba. Abin kuma gaba yake yi: BauBuche, wani nau'in LVL da kamfanin Pollmeier na Jamus ya fara yi a 2014 da itace mai tauri, ƙarfinsa ya kai 75, ma'ana bim ya ƙara siranta, nauyi ya ƙara taruwa a ɗan wuri.

Maganar kafinta cewa da ƙarfe ya sa ba ta da tushe. Ƙarfe zai sauke kilo 2,420 ɗin nan a kan wannan ramin dai, har da ƙarin nauyin kansa. Maigida ma yana da nasa kaso, domin shi ya ga kuɗin injiniya ɓarna ne a aikin da bai wuce cire bango ɗaya ba, kuma a ƙasashe da yawa taɓa bango mai ɗauke da nauyi sai da izinin hukuma da zanen da injiniya ya sa wa hannu.

Gyara

Ba a taɓa sauke bim ɗin ba. An tokare katakan bene ta ɓangarorin biyu, tokaran kuma an bi su har ƙasa, kada a maimaita kuskuren da ake gyarawa. Daga nan aka haƙa rami a ƙarƙashin gida daidai saitin ginshiƙin. Ƙa'idar gidajen zama ta Amurka, IRC, ta yarda a ɗauka cewa ƙasar yumɓu da ba a gwada ba tana ɗaukar kusan tan 7 a murabba'in mita. Tan 2.4 a raba 7 ya ba da kashi ɗaya cikin uku na murabba'in mita, wato mazauni mai santimita 60 kowane gefe. Da aka haɗa da rabon daɓen ƙasa, injiniyan ya ce a zuba 70, da rodi a ciki. Aka bar kankaren ya ƙanƙame kafin a ɗora masa komai, sannan aka kafa sabon ginshiƙi a kansa ya tallafi babban katakon.

Ɗagawar da jak aka yi ta, milimita 2 ko 3 a rana. Gidan da ya ɗauki watanni yana sunkuyawa, idan aka miƙe shi a yini ɗaya sabbin tsagogi za a samu a inda babu su, har bututun ruwa na iya ɓallewa.

Ramin da ke tsakanin allon daɓe da babban katako aka cike shi da guntayen LVL da suka rage daga aikin farko, a tsaye, jijiyarsu na kallon sama. Wannan tsayuwar ita ce dabarar. Guntun da aka kwantar zai sake dannuwa ta gefe, ya kuma ƙanƙance idan ya bushe, domin itace ta faɗi yake motsi da danshi, ta tsawo kuwa kusan ba ya motsi. An yanke katakon kwancen da ya lotse aka sa sabo, aka shimfiɗa farantin ƙarfe a gindin ginshiƙi don nauyi ya bazu, ginshiƙin kuma aka mai da shi katako uku, mazaunin bim ya koma milimita 135. Ƙarshen hagu bai nutse ba, amma shi ma an ƙara masa na uku, tun da lissafin ɗaya ne. Falankan biyu aka ɗaure su da dogayen sukurori na gini, layi-layi bisa tazarar da kamfanin ya tsara, duka ta faffaɗar fuska. Ta siririn gefe, inda ake ganin layukan gam, ƙusa ko sukuru ba ya kamawa sosai, kuma idan aka jera su kusa da juna falankin yakan tsage.

An tsayar da jak saura milimita 3 a kai inda ake da farko, domin daga nan allunan bangon sama sun fara ƙara. Injiniyan ya yi alama a ginshiƙai biyun da tsakiyar bim, ya ce a sake aunawa bayan zafi da sanyi sun zagayo, kafin nan kada a ɓata kuɗi wajen fentin ƙarshe.

Gardamar ƙarshe ta taso ne daga inda ba a zata ba. Da aka buɗe bim ɗin, uwargida ta ga layukansa sun yi mata kyau, ta so a goge shi a bar shi a fili. Injiniyan ya ƙi, da lissafi. LVL a cikin wuta yana zama gawayi da saurin kusan milimita 0.7 a minti. A minti 30 an ci milimita 21 daga kowace fuska, ƙa'idar Turai kuma ta ce a ƙara cire 7 na itacen da zafi ya raunana a bayan gawayin. A cire 28 ta nan, 28 ta can, daga kaurin 90 saura 34. Ƙaton bim yana iya ba wuta wannan ya tsira da cikinsa, siriri ba ya da abin bayarwa, ga shi kuma saman kicin yake, ɗakunan kwana a kansa, maratayan ƙarfen ma zafi na saurin sassauta su. Aka mayar da allon jifsam, aka bar ƙaramar ƙofa a daɓe kusa da ginshiƙin dama don a riƙa leƙa sabon mazaunin.